Aikin Gidan Tsuntsuwa

Yaya tawa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya fama da hayaƙin kicin? Mu nan lafiya lau. Mama gwiwar ce dai har yanzu, amma tana shafa man da kika aiko, ta ce in gaya miki ya fi na asibiti. 'Yarki Tsuntsuwa ta yi mura kwana uku ta warke. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce ɗakin da aka cire wa ƙyaure. Na ɗauke ta hoto ya kai sha biyu kafin na tuna ba yadda za a yi ki gani. Wallahi ban san yadda kike rayuwa a sansanin masu aikin hanyar nan ba, babu sabis, sai dai takarda ta hannun direban kayan abinci duk sati biyu. Ni biron ma na Tsuntsuwa na ara.

Kin ce in ba ki labarin makarantar gwamnatin nan ba ɓoye-ɓoye. To gyara zama.

Ajinsu, aji uku, su casa'in da huɗu ne. Ni na ƙirga da kaina ta taga. Bencin mutum biyu su huɗu ke matsuwa a kai, wanda ya makara kuma ƙasa ce tasa. Rufin baya yana yoyo, da an fara ruwa sai a kwashe 'yan baya a cusa su cikin 'yan gaba. Banɗaki kuwa kada ma in fara. Tsuntsuwa ta daina shan ruwa da safe don kada ta buƙace shi. Malamarsu wata siririya ce mai gilashi, fuskarta kullum kamar yanzu aka kawo mata mummunan labari. Sai ta cika allo da rubutu, ta riƙa nunawa da sanda, su kuma su yi ta rerawa a bayanta, har bakin titi kana jiyo su.

Muna da gurup na iyaye a waya. Ni na fi kowa magana a ciki, har Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, ta ce a naɗa ni shugaba kawai a huta. Kullum ƙorafi muke, amma in an kira taro ba mai zuwa, har ni.

Kada dai hankalinki ya tashi. Tun ranar da kika tafi kika ce in tsaya mata a kan aikin gida, ban yi fashi ba ko sau ɗaya. Akwai wata manhaja da na sauke, ki ɗauki hoton tambaya kawai ta ba ki amsa nan take. Sai in rubuta mata a takarda da manyan baƙaƙe, ta kwafe a littafinta. Minti goma mun gama, ita ta tafi wasa, ni in koma kan masu sayen takalmana. Ki ga littafin nan, Yaya, babu kuskure ko ɗaya tun daga bango har bango. In makaranta ta gaza, ai gida bai gaza ba.

Ki riƙa cin abinci, ba dafa wa mutane kawai ba.

Autarki.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Ina lafiya, sai dai ciwon baya. Tukunyar mutum ɗari biyu ba wasa ba ce. Ki gaida Mama, ki ce ta rage hawa matakala.

Maganar banɗakin nan ta hana ni sukuni. Yarinya 'yar shekara takwas ta wuni ba ruwa a cikinta? Ga kuma casa'in da huɗu a hannun malama ɗaya. Ni da nake zuba wa ƙarti abinci ma mataimaka biyu gare ni.

Kin san Goggonta, yayar marigayi babanta, ta daɗe tana cewa in ba ta Tsuntsuwa. Watan jiya ta sake aiko mini. Ta ce makarantar da ke bayan gidansu ba sa wuce talatin a aji. Ban ba ta amsa ba. Ina faɗa miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Aikin gida kuwa Allah ya yi miki albarka. Ki ci gaba da tsaya mata.

Ki rage zama a kan waya.

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mama lafiya, Tsuntsuwa lafiya, ni ce dai ba lafiya ba tun da na karanta takardarki.

"Don kada ki ji a bakin wani." Wato an riga an gama magana ke nan, sanarwa ake ba ni? Yarinyar nan tun tana wata shida a bayana take. Ni nake yi mata kitso, ni na san ba ta barci sai an bar mata ƙofa a buɗe. Garin Goggo tafiyar wuni guda ce a mota, gidan kuma ko dariya sai an nemi izini. Kin tambaye ni labarin makaranta na ba ki, ban ce ki zo ki kwashe mini 'ya ba.

Bari ma ki ji wani abu. Malama ta buɗe aji na musamman da safe, ƙarfe bakwai kafin a buga ƙararrawa, don yaran da ba su iya karatu ba. Mutum ashirin ta zaɓa. 'Yan biyun maƙwabciyarmu duk suna ciki, uwarsu kwana biyu ba ta ce uffan a gurup ba. Tsuntsuwa ba ta ciki. Wannan ma ki aika wa Goggo.

Direba bai zo ba tukuna, bari in ɗora a ƙasa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗazu ina wanki, kumfa har gwiwar hannu, sai waya ta yi ƙara. Na ce, "Tsuntsuwa, duba mini, me aka ce?"

Ta ɗauka, ta ƙura wa wayar ido, ta daɗe. Can ta ce, "Ta ce tana gaishe ki, Anti."

Da na ɗauraye hannu na duba, wata ce ke neman baƙin takalmi lamba talatin da tara. Babu gaisuwa ko ɗaya a ciki.

Na ɗauko littafin karatun da na saya mata, na buɗe shafin farko. Ta zubo shi tiryan-tiryan, ko numfashi ba ta ja ba. Har na fara jin sanyi, sai na lura idonta ba a kan shafin yake ba, fuskata take kallo. Na rufe hoton da tafin hannu, na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiya, "ruwa". Ta kasa. Na nuna "gida". Ta ce, "Akuya?" Na nuna wata, sai kawai hawaye.

Yaya, Tsuntsuwa ba ta iya karatu ba. Hadda take yi. Shekara uku tana zuwa wannan wurin kullum da jaka a baya, kuma matar nan mai gilashi ba ta ma sani ba, tunda ga shi ta zaɓi ashirin ta tsallake ta.

Ban tsaya wata-wata ba na tura saƙon murya a gurup, minti bakwai cif. Na ce malamar da ba ta san wa ya iya wa bai iya ba a ajinta, ta je ta nemi wata sana'ar. Na faɗi na rufi, na faɗi na banɗaki, ban rage komai ba. Mutum arba'in da ɗaya suka ɗaga mini babban yatsa. Gobe da sassafe ina makarantar, sai ta yi mini bayani.

Ga direba nan yana ta hon.

Auta.

*

Yaya,

Sallama. Kowa lafiya. Ban jira amsarki ba, dole in rubuta wannan tun ina da ƙarfin hali.

Na je. Bakwai saura na isa, na sha kwalliya don kada a raina ni, Tsuntsuwa na biye da ni kamar wadda za a kai allura. Na tarar da yara ashirin zaune a ƙasa, Malama a durƙushe a tsakiyarsu da wasu katuna da ta yanka daga kwalin sabulu, kowanne da harafi ɗaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi.

Ta ce, "Ke ce mai minti bakwai?"

Ashe ƙanwarta na cikin gurup ɗin. Na ji kamar in nutse, amma na dake na ce ni ce.

Ta ce, "Na saurara har ƙarshe. Wajen minti na huɗu kin yi gaskiya, rufin yana yoyo. Zauna."

Ta buɗe kabad ta ciro tulin littattafan aikin gida, ta zaro biyu. Ta fara miƙo mini na ɗaya daga cikin 'yan biyu. Kaca-kaca, haruffa a juye, jan biro ko'ina.

Ta ce, "Wannan ina buɗewa na san inda ke masa ciwo. Yara casa'in da huɗu gare ni, darasi minti arba'in. In na ce zan saurari kowa shi kaɗai, rabin minti ma ba zai samu ba. In ana rerawa kuma, mai iyawa da marar iyawa bakinsu ɗaya. Littafin nan ne kaɗai wurin da yaro ke gaya mini gaskiya. Da shi na zaɓi ashirin ɗin nan."

Sai ta buɗe na Tsuntsuwa. Ta ce, "Nan na tambaye su me shanu ke ci. Kowa ya ce ciyawa. Ita ta ce mini dabbobi ne masu tuƙa da suka dogara da tsirrai. Na yi mamaki, sai na ce wataƙila gidan 'yan boko ne. Laifina shi ne ban tsaya na tambaye ta ba. Wa ke yi mata?"

Na ce, "Taimaka mata dai nake yi."

Ta ce, "Wane irin taimako?"

Na gaya mata, har da manhajar. Ta cire gilashin ta murza ido ta daɗe. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kira Tsuntsuwa ta ce, "Ke kuma me ya hana ki ce mini ba kya ganewa?"

Tsuntsuwa ta kalle ni, ta kalli ƙasa. Ta ce, "Anti ta ce in na kawo kuskure za a ce ba ta kula da ni."

Ban tuna ranar da na faɗa ba, Yaya, amma maganata ce sak.

Na ce a taimaka a saka ta a ajin safen. Ta ce ya cika, ashirin ɗin ma da ƙyar take zagaya su. Na yi ta roƙo, kwalliyar nan duk ta zama abin kunya. Can ta ce, "Kin iya karatu?"

Na ce, "Daidai gwargwado."

"Kin iya tashi da wuri?"

Nan na fara sosa ƙeya, har yaran suka yi dariya.

Ta ce, "In za ki riƙa zuwa kullum ki riƙe mini yara biyar da katunan nan, zan ƙara biyar, har da ita. Waya kuma a cikin jaka. Aikin gida ki bar ta ta kawo mini shirmenta. Shirmen nake so."

Na amsa. Da na dawo na sake tura saƙo a gurup, minti ɗaya, na ce ni na yi kuskure, na ba Malama haƙuri. Mutum uku kacal suka ɗaga yatsa. Ki ga halin mutane.

Ki yafe mini. Na ɗauka abin da kika ce in yi nake yi.

Auta.

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ruwa ya cinye gadar da motar kaya ke bi, sati uku ke nan ba ta shigo ba. Wannan ma wani injiniya ne da zai fita ta zagaye na ba shi. Takardarki ta ƙarshe da ke hannuna ita ce wadda kika ce Tsuntsuwa ba ta iya karatu ba.

Na yi kuka a bayan tanti, na share ido na koma na kwashe shinkafa. Don yarinyar nan na zo dajin nan. Ba zan bari ta ƙara shekara a makarantar da ba a ma san tana ciki ba.

Na rubuta wa Goggonta. Ranar da aka ba da hutu za ta zo ta ɗauke ta. Ki haɗa mata kayanta da takardar sakamakonta.

Ke ba ki da laifi, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Makarantar ce. Kada ki yi mini musu, Auta, na gaji.

Yayarki.

*

Yaya,

Muna lafiya. Mama ta ce a gaishe ki. Ni ban san ko in gaishe ki ba ko in yi ihu.

Akwai takardata da ke kwance a cikin motar direba sati huɗu, ita ce ke da duk bayanin. An ce jibi za a buɗe gadar, za ta iso miki tare da wannan. Ki fara karanta waccan kafin wannan, don ba zan iya sake rubuta abin kunyar nan sau biyu ba. A taƙaice dai, "ke ba ki da laifi" ɗin nan ki janye shi. Ni ce.

Yau kwana ashirin da uku ina tashi ƙarfe shida. Ni, Auta. Mama ta ce ranar farko ta ɗauka ɓarawo ne a kicin. Yara biyar gare ni a ƙarƙashin taga, da katunan kwalin sabulu. Akwai wata mai cin gefen katin, akwai wadda duk harafin da na ɗaga sai ta ce "ba". Masu sayen takalma suna ta ƙorafi ba na amsawa da safe, biyu ma sun koma wajen wata. Su je.

Littafin Tsuntsuwa yanzu abin tausayi ne, jan biro ya yi masa kaca-kaca. Satin farko kullum da kuka take yin aikin, ni kuma in zauna a kan hannuwana don kada in karɓa. Amma shekaranjiya muna dawowa ta tsaya cak a gaban wani shago. Na ce mu tafi, ta ce in bari. Ta yi wajen minti uku tana motsa baki, mai shagon har ya leƙo ya ga ko lafiya. Sai ta ce, "Sha... yi. Shayi, Anti." Na rungume ta a tsakiyar titi har mai keke ya kusa kwashe mu.

Ba na ce makarantar ta gyaru ba. Banɗakin yana nan yadda yake. An kira taro a kansa, na je, mu shida ne a cikin iyaye sun fi ɗari. Hedimasta ya ce ya rubuta takarda sama, kamar yadda ya ce bara. Yoyon ma ya ƙaru.

Amma ki yi tunanin wannan. Takardar sakamakon da kika ce in haɗa, ta nuna Tsuntsuwa ce ta zo ta biyu a aji, saboda makin aikin gida da hadda. Da ita Goggo za ta kai ta can, su karɓe ta a matsayin gwana, su zaunar da ita a gaba. Wa za ta gaya wa ba ta iya ba? Goggo? Sai ta koma kallon fuskar mutane tana cankar amsa. A nan akwai mace ɗaya da ta san daidai harafin da ta tsaya.

In don wautata za ki ɗauke ta, ki faɗa mini kai tsaye, zan haɗa kayan. Ni kaina ban san inda na samo wannan wautar ba. Amma kada ki ce makarantar ce.

Hutu saura kwana sha biyu. Ban gaya wa Tsuntsuwa komai ba.

Auta.

*

Auta,

An buɗe gada, takardunki biyu sun iso tare. A kan buhun shinkafa na zauna na karanta su, har miya ta kusa kamawa.

Tsuntsuwa tana nan wajenki. Na rubuta wa Goggonta, direban nan zai saka a mota yau. Za ta ji haushi, ni zan ji da ita. Ki gaida Malama, ki ce uwar yarinyar ta gode. Banɗakin kuma kada ku bari, ko ku shida ne.

Kin ce ba ki san inda kika samo wautar ba. Ni na sani.

Kina aji biyu kuna da wani malami mai dukan tafin hannu a kan kowane kuskure. Kullum sai ki dawo hannu a kumbure, ko cokali ba kya iya riƙewa. Sai na fara karɓar littafinki ina yi miki aikin da hannun hagu, don rubutun ya yi kama da naki. Malamin ya bar makarantar, ni ban bari ba, har kika gama firamare. Wataƙila kin manta, ko kin ɗauka haka kowace yaya ke yi. Ranar da kika faɗi jarrabawar sakandare, Mama ta yi ta faɗa tana cewa wasa ya yi miki yawa, kina kuka. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban ce komai ba.

Shi ya sa da kika rubuta mini yadda kike yi wa Tsuntsuwa ban ga aibu ba, har albarka na sa miki.

Tunda kullum kina wajen Malama, in akwai abin da ya shige miki duhu ke ma, ki tambaye ta. Ba abin kunya ba ne.

Wannan takardar ki karanta wa Mama ita duka. Kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Yayarki.